Diskin Kawu Illa

Shafi na 11

Masu tambayata tun shekaranjiya ko Kawu Illa zai yarda a zauna, to, yau an zauna. Bismillah.

Wata biyu cur Raliya ta yi tana bin kawunta da takarda guda ɗaya. In ta ajiye masa a tebur, sai ya ɗora kofin shayi a kai. In ta tare shi a bakin ƙofa, sai ya ce mu gani bayan salla. Salla ta zo ta wuce, an cinye naman, takardar tana nan da zoben shayi uku a jikinta.

Biron Kawu Illa, wato ofishinsa, ɗaki biyu ne a bayan tashar Gure. Aikinsu awon gonaki da lambunan kwari. Su auna, su zana taswira, su ɗauki shaidar dattawa a kan iyaka, saboda ranar da rigima za ta tashi. Shekara uku ke nan komai nasu, wasiƙu da taswira da dosiyen mutane, wato fayilolinsu, yana ajiye a rumbun wani kamfani a intanet. Kawu yana kiransa rumbun sama. Abin da ke hana Raliya barci shi ne rumbun ɗaya ne tak, kuma babu wanda abin ya dama sai ita.

Ranar Litinin da safe ta rufe ƙofar biron da hannunta, ta zare makulli ta jefa a jaka.

Kawu ya dube ta ta saman tabarau.

"Ɗiyar Zulai, tun da kika dawo daga jami'a ba mu sha ruwa da daɗi ba a nan."

"Yau za a zaɓa, Kawu. Sannan a sha."

Tanti Yakura, sakatariyar da ta girmi tebur ɗin da take zaune a kai, ta ce a bar Madam Rezo, sunan da take tsokanar Raliya da shi saboda zancen intanet, ta yi karatunta ko a samu a buɗe ƙofa iska ta shigo.

Raliya ta share zoben shayin da bayan hannu ta fara. Hanya ta farko diski ce. Duk mako a sauko da takardun gaba ɗaya daga intanet, a zuba a ciki, a kai gida. Sai dai zafin Gure da yashi da ɗaukewar kuran, wato wutar lantarki, ba su san darajar diski ba, kuma makon da mai yi ya manta, aikin makon yana rataye. Hanya ta biyu wani kamfani ne daban, wanda kullum da kansa zai kwashi kwafin komai ya ajiye a nasa rumbun, har wasiƙu, har kayan ma'aikacin da ya bar aiki, ba ruwansa da ko rezon Gure, wato layin intanet, ya tashi ko ya kwanta. Ita dai so take a haɗa biyun. Kuma duk ƙarshen wata a zauna a dawo da dosiye ɗaya a buɗe shi a gani da ido, don ajiyar da ba a taɓa gwadawa ba fata ce kawai.

Tanti Yakura ta ce duk wannan wahalar me ya kawo ta, a buga komai a takarda a jera a kabad kamar da. Raliya ta tuna mata abin da gara ta yi wa kabad ɗin da, ta kuma tambaye ta yadda ake buga muryar dattijo a takarda. Tanti ta kau da kai kamar an fama mata ciwo, amma a lokacin Raliya ba ta lura ba.

Kawu ya ce shi kamfani na biyun ne bai kwanta masa ba. Iyakar mutane amana ce. Na farkon ma da ƙyar ya yarda, yanzu kuma a ce ya sake miƙa sirrin gonakin Gamu da Gidigir ga wanda bai san garinsu ba, wanda in abu ya ɓaci ba shi da ƙofar da za a je a yi sallama?

Wannan tambaya ce ta gaskiya, Raliya ta sani. Ta shirya mata amsa tun tuni, cewa akwai masu kulle kwafin da makullin da babu mai riƙe da shi sai mai kaya. Amma tana cikin bayani ta ga ba saurare yake ba. Murmushi yake yi, irin na wanda ya ɓoye abu a bayansa.

Ya miƙe ya shiga ɗaki na ciki. Suka ji ƙarar akwatin ƙarfe. Ya fito da gwangwanin madara, ya buɗe, ya zaro wani abu naɗe a tsohon rawani. Diski ne baƙi, ɗan madaidaici.

"Shekara uku," in ji shi. "Duk Juma'a in na dawo masallaci, kun tashi, ni kaɗai. In jawo komai in zuba a nan. Ban taɓa fashi ba, ko da azumi. Kina ganin mu da muka yi aikin gwamnati shekara talatin jiranki muke ki zo ki koya mana ajiya?"

Kunya ta kama Raliya, sannan wani sanyi ya sauka a ƙirjinta. Wata biyu tana yi wa tsohon nan kallon mai sakaci, ashe yana yi a ɓoye. Har ta buɗe baki za ta ba shi haƙuri. Sai wata tambaya ta riga haƙurin fitowa.

"Kawu, ka taɓa buɗe shi?"

"In buɗe in ga me? Ni na zuba."

Ta tashi ta zare wayar akwatin rezo daga bango. Fitilunsa suka mutu. Ta ce a ɗauka yau rumbun sama ya rufe, ba su da komai sai diskin nan. Ta jona shi a ordinatar, wato kwamfuta.

Sunaye suka jeru, ɗaruruwa, kowane da kwanan watansa. Kawu ya harɗe hannu. Ta danna hoton wata rijiya, ya buɗe. Ta danna wata tsohuwar takarda da aka ɗauka a hoto, ta buɗe. Kawu ya ce wa Tanti Yakura ta miƙo masa shayinsa.

Ta danna rahoton awon wata gona ta Gidigir. Ordinatar ta yi ɗan tunani, ta ce babu rezo.

Ta danna na biyu. Babu rezo.

Na uku, na huɗu, na goma.

Ta duba nauyinsu. Rahoto mai shafi arba'in bai kai nauyin saƙon gaisuwa ba.

Kawu ya ce ai ita ta cire rezon, ta mayar mana. Ta yi masa bayani a hankali. Duk takardar da aka rubuta a cikin rumbun sama, abin da ake gani a ordinatar ba ita ce ba, kwatance ne kawai da ke cewa je can ka same ta. Shekara uku kwatance yake kwashewa yana naɗewa a rawani. Takardun ba su taɓa saukowa ba.

Ya ajiye kofin bai kurɓa ba.

Nan aka buga ƙofa. Raliya ta lalubo makulli ta buɗe. Ya Bintu ce, tsohuwa daga Gamu, ta sauko motar safe da ƙullin dabino a ka. Tun rasuwar mijinta take riƙe da lambunsa a kwari, dabino goma sha ɗaya da rijiya. Bara wani dillalin kanwa, Ɗan Talata, ya sayi lambun maƙwabcinta, bana kuma ya ce rijiyar da dabino bakwai a cikin nasa suke. Alhamis ɗin nan kwamitin filaye zai zauna a kan maganar. Abin da Ya Bintu ta dogara da shi ɗaya ne. Shekara biyu da suka wuce biron nan ya auna mata lambun, kuma tsohon bulaman ƙauyen ya taka iyakar da ƙafarsa, yana kiran kowane dabino da wanda ya dasa shi, ana ɗaukar muryarsa. Bulama ya rasu cikin azumi.

Aka gaisa da Barbarci, aka gaisa da Hausa. Ta sauke dabinon gaban Kawu ta ce na yara ne. Ta ce ta zo karɓar takardunta tun da wuri, don ba ta son gaggawar ranar Laraba. Sannan ta ɗan yi dariya ta ce in ba damuwa a sa mata muryar Bulama ta ji, ta yi kewar faɗansa.

Raliya ta mayar da wayar rezo. Ta ce wa kanta ba komai, diskin ne banza, rumbun sama yana nan. Fitilu suka kama ɗaya bayan ɗaya. Ta danna rahoton Gidigir, ya buɗe. Ta sauke numfashi.

Ta nemi dosiyen Gamu. Yana cikin jakar aikin daji, wadda Husseini ya buɗe. Husseini shi ne mai awon biron, shi ke hawa babur ya shiga kwaruruka da na'urar awo. Mako uku da suka wuce, lokacin Raliya tana Damagaram karɓar takardar gama karatunta, ya bar aiki. Da ta dawo aka ce mata ya samu wani wuri, ita ma ba ta bi ba'asi ba.

Ta danna jakar.

Rubutu ɗaya ya fito da Faransanci. Abin da ake nema babu shi.

Ta sake dannawa. Ta rubuta Gamu a wurin nema. Ta rubuta Bintu. Ta rubuta Bulama. Ta koma diski, ta ga jakar aikin daji gaba ɗayanta kwatance ɗaya ce, mai nuna wurin da babu kowa.

Ya Bintu tana zaune a benci tana gyara mayafi, tana jiran murya.

Raliya ta ce mata rezo ne ke wasa, ta ɗan zauna a inuwar waje a kawo mata ruwa. Ƙarya ta farko ke nan da ta taɓa yi wa mai dosiye. Da tsohuwar ta fita ta tura ƙofa ta juyo.

"Ina kayan Husseini?"

Kawu ya ce ita ce mai ilimin, ita za ta faɗa musu.

"Kowane ma'aikaci yana da kont ɗinsa a rumbun, kamar ɗakinsa. Jakar nan a ɗakin Husseini take, mu leƙawa kawai muke. Wa ya taɓa kont ɗinsa?"

Bantilatar, fankar ɗakin, tana juyawa tana kaɗa takardar zaɓin a kan tebur.

Tanti Yakura ce ta fara kuka, marar sauti, tana share ido da gefen mayafi. Ta dubi Kawu, wanda take kira Mushe, yallaɓai da Faransanci.

"Mushe, ni kam ba zan iya ba. Kwana nawa ba na barci."

"Yakura," in ji Kawu.

"A'a, Mushe. Tsohuwar nan tana waje."

Sai ta faɗi komai. Husseini ba wani wuri ya samu ba, korarsa aka yi. Wani mai gona ya zo karɓar taswira, Husseini ya ce a gabansa lissafin da Mushe ya yi na kusurwar gabas ba daidai ba ne, a bari ya gyara. Kuma gaskiyarsa ce, daga baya an gyara a ɓoye. Amma Mushe ya ce yaron da ya koya wa riƙe igiyar awo ba zai tsinka shi gaban baƙo ba. Ya karɓe makullin babur. Da Husseini ya fita, ya tsaya a kanta ya ce ta goge sunansa daga rumbun yanzu yanzu, kada ya je gida ya leƙa musu asiri. Ordinatar ta yi gargaɗi, ta tambaya ko a mayar da kayansa ga wani kafin a goge. Ta karanta masa. Ya ce ba ya son ko tsinken yaron nan, ai komai na biro yana diski.

"Na danna," in ji Tanti. "Da hannuna."

Raliya ta dubi kawunta. Maganganu suka taru a bakinta, na wata biyu, na mu gani, na Allah zai kiyaye da ake faɗa a miƙe ƙafa, kamar Allah bai ba mutum hannu da hankali ba. Ta ga yadda wuyan rigarsa ya jiƙe da gumi, ta haɗiye rabi.

"Ka rufe wa mutum ƙofa, Kawu, sai ka haɗa da ƙone ɗakin? Dosiye nawa ne a ciki?"

Tanti ce ta ce duk aikin daji na shekara uku.

Kawu ya jawo takardar zaɓin da yatsa biyu, ya tura mata.

"Zaɓi wanda kike so. Na biyun. Duka biyun. Yau ɗin nan a yi."

"Kamfani na biyu abin da ya tarar yake kwafa. Ba ya tono abin da aka binne. Da wata biyu da suka wuce ka faɗi haka, da yanzu Ya Bintu tana jin muryar Bulama."

Ta zauna ta dafe kai. Sai wani abu da ta taɓa karantawa cikin sharuɗɗan kamfanin ya faɗo mata. In an goge kont, ba nan take yake mutuwa ba. Suna riƙe shi kwana ashirin, mai babban makullin biro yana iya dawo da shi da kayansa. Bayan nan ko su ba su iyawa.

Ta tambayi ranar. Kawu ya ce Laraba ce. Ya ce a'a, Talata, don washegari ya je jana'iza. Tanti Yakura ta zaro salularta. Ta ce ranar tsoro ya sa ta ɗauki hoton gargaɗin kafin ta danna, ba ta san ma dalili ba. Raliya ta karɓa ta duba kwanan watan da ke kan hoton. Ta ƙirga a yatsu. Ta sake ƙirgawa a kalandar bango.

In ranar gogewar tana cikin lissafi, jiya wa'adin ya cika. In ba ta ciki, yau ce ta ƙarshe. Hoton ya nuna sha biyu saura kwata. Agogon bango ya nuna sha ɗaya da minti biyar.

Ta buɗe shafin babban makulli, inda ake ƙara ma'aikaci ko a cire shi. Da can tsohuwar ordinatar Tanti a buɗe take shiga wurin, ba ta tambayar komai. Amma ranar Asabar Raliya da kanta ta wanke ordinatar tas, ta sake zuba mata komai sabo, saboda ƙwayoyin cutar da suka cika ta. Har tana alfahari da aikin. Yanzu shafin ya tsaya yana tambayar kalmar sirri kamar bai taɓa ganinsu ba.

Kawu ya buɗe littafin aljihunsa, ya karanto mata harafi harafi. Ta shiga. Ta ce alhamdu lillahi a ranta.

Sai wani shafin ya fito. Don a tabbatar mai biron ne, an aika kod mai lamba shida zuwa salular da lambarta ta ƙare da arba'in da bakwai. Kod ɗin zai mutu bayan minti goma.

Ta dubi Kawu. Ya zaro salularsa ya duba, babu komai. Tasa da sifili biyu ta ƙare. Tanti ta girgiza kai tun kafin a tambaye ta.

"Wa ya buɗe muku rumbun nan tun farko?"

Tana tambaya ta san amsar, Husseini ne.

Raliya ta ce Kawu ya kira shi. Ya ce shi ba zai kira yaron nan ba, ko biron zai rushe. Ta ce ba biron ne zai rushe ba, rijiyar tsohuwar da ke zaune a waje ce za ta tafi, ita da ta kawo wa ƴaƴansa dabino. Ya juya fuska wajen bango.

Ta kira da tata salular. Ta yi ta ƙara har ta katse. Ta sake kira. Ta katse. Minti uku sun tafi. Ta taga tana hango Ya Bintu a inuwar bishiyar bedi, ta cire takalmi ɗaya tana kaɗe yashi, hankalinta kwance.

Salular ta yi ƙara a hannunta. Ta ɗauka ta sa a fili kowa ya ji.

Iska ce ta fara shigowa, da ƙarar ana buga turke a ƙasa, da muryar wani namiji daga nesa yana cewa a ja igiyar ta wuce rijiyar.

Husseini ya yi sallama a nitse. Ya tambayi gida, ya tambayi Tanti. Bai tambayi kowa ba bayan nan.

"Husseini, wani kod ya shigo maka yanzu."

"Na gani. Yana gabana."

"Don Allah karanto mini. Dosiyen Ya Bintu ne, da muryar Bulama. In sha biyu saura kwata ta yi..."

"Na san abin da ke ciki, Raliya, ni na ɗauka. Amma gara ki san inda nake kafin ki roƙe ni. Ina Gamu, a bakin rijiyar. Ɗan Talata ne ya ɗauke ni awo, kwana uku ke nan. Mutum ba ya zama da iyali ba aiki."

Tanti Yakura ta toshe baki da mayafi.

"Saura minti biyar," in ji Raliya.

Ƙarar turken ta tsaya. Suka ji takun ƙafa a yashi, kamar yana matsawa nesa da mutane. Da ya sake magana ƙasa ƙasa ya yi.

"Ba ke kika kore ni ba, ba ke zan karanta wa ba. Na san yana nan, ina jin tarinsa. Ba shi salular ya tambaye ni da bakinsa."

Raliya ta miƙa hannu, salular a tafinta, tsakaninta da kawunta taku ɗaya.

Kawu Illa ya dubi salular. Hannayensa biyu suna bayansa, bai motsa ko ɗaya ba.

Daga waje Ya Bintu ta ƙwanƙwasa ƙofa a hankali, tana tambaya ko rezon ya dawo.